Manomin da Ya Ga Baƙi da Fari

A can wani ƙauye an yi wani manomi mai gaggawa. Mutanen ƙauyen ba sa shuka sai shamuwa ta iso, domin ita ke kawo albishirin damina.

Wata rana ya hango tsuntsu a kan kuka. Ya ruga gida ya ɗauko ƙwaryar iri.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka duba da kyau? Farin shamuwa a ciki yake, na hankaka kuwa a ƙirji da wuya."

Ya ce, "Baƙi da fari na gani."

Maƙwabcinsa ya ce, "Ƙafafunsa dogaye ne?"

Ya ce, "Baƙi da fari na gani."

Ya je ya binne geronsa kaf a busasshiyar ƙasa. Ruwa bai sauka ba. Hankaki suka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, suka tone, suka cinye.

Bayan wata guda shamuwa ta iso, ruwa ya biyo ta. Kowa ya fita gona. Shi kuwa ya zauna gindin kukar da ƙwarya ba ko ƙwaya, yana kallon farin cikin shamuwar. Ran nan dai ya duba da kyau.