Kyanwar Tela a Cinyar Wata

Tela ya rufe shago bayan isha'i, ya biyo lungu zai tafi gida. Tun da kyanwarsa ta mutu ya binne ta a bayan shago, ba ya son daɗewa shi kaɗai.

A bakin wani kango ya ga wata tsohuwa zaune da kyanwa a cinya. Ya haska wayarsa. Kyanwar baƙa ce mai yagaggen kunne, ga kuma jan ƙyallen da ya ɗinka mata a wuya, wanda ya binne ta da shi.

Kafin tsoro ya zo, kishi ya riga shi. Shekara da shekaru yana ba ta kan kifi, amma ba ta taɓa hawa cinyarsa ba. Ga ta yanzu ta baje, ido a lumshe, yana jiyo kurrr na jin daɗi.

Ya zaro almakashi a aljihu ya kaɗa, ƙyas-ƙyas, kiran da ba ta taɓa ƙi ba. Ko kunne ba ta motsa ba.

"Iya, me kika ba ta haka?"

"Kai ma ka ji yadda ake ji," in ji tsohuwar. "Kullum ina bakin tagarka, ina kallo tana ci a hannunka."

Ya miƙa hannu zai karɓe abarsa. Jikin kyanwar sanyi ƙalau, ba numfashi. Sai a lokacin ya gane daga ƙirjin tsohuwar kurrr ɗin yake fitowa.