Teburin Marayun Ajilari

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, kaji sun fara hawa kwana, Kaltum na tsugune tana hura gawayi, sa'ad da mijinta Hashim ya shigo gidansu na unguwar Gomari da ƙarti biyu ɗauke da wani ƙaton tebur mai durowa. Ya sallame su ba tare da ya yarda sun haɗa ido ba, ya ja ƙofa ya sa sakata.

Hashim shi ne hedimastan wata makarantar marayu a unguwar Ajilari, inda yara ke karatu a kan buhuna. Wani kamfani da ya sake ofis ya kwashe tsofaffin tebura da kujeru da takardun da suka daɗe jibge a sito, ya ba makarantar sadaka. Malam Hashim ya karɓa da hawaye da doguwar addu'a, kai ka ce shi ne marayan. Da baƙi suka juya baya, ya ware teburin da ya fi kowanne kyau, ya ce a kai gyara. Ga wurin gyaran nan, tsakar gidansa.

Da ya jawo durowa, kyankyasai suka watse. Ya ce a tafasa masa ruwa.

"Malam, almuru ne fa," in ji Kaltum. "Ka bari gari ya waye mana."

"Gari ya waye maƙwabta su leƙo? Kawo ruwan."

Kowa ya san ba a zubar da ruwan zafi da magariba, in kuma ya zama dole sai da bisimilla, don waɗanda ba a gani su janye 'ya'yansu. Hashim ya sani sarai, yana ma koya wa yara. Amma baki yakan yi nauyin kiran sunan Allah a kan kayan marayu. Ya kwarara tafasasshen ruwan cikin durowar ƙasa, shiru. Wani siririn kuka ya fito daga ciki, irin na jinjirin da bai cika wata ba, sannan ya yanke. Kaji suka daina motsi.

Washegari da almuru aka fara jifa. Tsakuwa ce ke sauka a kan kwanon ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, a fita a duba, ba kowa. Bayan jifa sai murya, ta mace, tana rarrashin yaro daga cikin teburin. Kaltum ta daina girki a tsakar gida. Hashim kuwa ya ce yaran unguwa ne marasa tarbiyya, ya shimfiɗa wa teburinsa leda mai furanni.

Ranar da abin ya kai ga 'yarsu Ammatullahi, yarinyar tana zaune a teburin tana aikin makaranta, don ita ce mai son rubutu a gidan. Sai biro ya faɗi. Ta miƙe a hankali, ta riƙe hannunta na dama kamar wadda ta ƙone, ta dubi ubanta da idon da ba nata ba, ta yi dariya. Daga ranar ba ta ci, ba ta barci, duk almuru sai ta kwanta a ƙarƙashin teburin tana jijjiga abin da ba a gani.

Kaltum ce ta ɗauki mayafi ta je Mafoni ta ɗauko Goni Umara, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan Alƙur'ani. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a tabarma, ya fara karatu a kunnen yarinyar. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cinye tsakar gida kafin bakinta ya buɗe, muryar tsohuwar mace ta fito.

"Sassauta, Goni, kana ƙona ni. Ba ni na fara ba."

"Wace ce ke, kuma me ya haɗa ki da yarinyar nan?"

"Na daɗe a teburin can, a sito, ban taɓa kowa ba. Da aka ba da mu sadaka na yi murna. Makaranta rana ta yara, dare namu, ba mai taka wani. Sai wannan ya sato mu. Ya dafa hannun ɗana da tafasasshen ruwa, ko gyaran murya bai yi ba."

Goni ya juya ya dubi Hashim. "Gaskiya ne?"

"Aro na yi, Goni, aro..."

"Yarinyar ba ta da laifi," Goni ya ce wa aljanar. "Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Zan fita, da sharaɗi. Ya ɗora teburin a amalanke, ya tura da hannunsa har Ajilari, ranar Juma'a, ido na ganin ido. Duk wanda ya tambaye shi, ya ce kayan marayu ya ɗauka. In bai yi ba, hannu a bakin hannu."

Kaltum ta fashe da kuka tana cewa an yarda. Shi kuwa uban, 'yarsa na kwance tana nishi a gabansa, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Goni, ba a ragewa? Ni fa mutum ne da ake gani da mutunci."

Abin ya ba Goni takaici ƙwarai. "Mai haƙƙi ce, Malam. Karatu na korar azzalumi, ba ya cinye haƙƙin wanda aka zalunta. Ka ɗauki alkawari ko in tashi."

Hashim ya rantse. Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki, ta buɗe ido ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Ranar Juma'a Hashim ya sa babbar riga ya tafi masallaci, ya dawo ya ci abinci ya kwanta. Kaltum ta roƙe shi har muryarta ta dushe, ya ce alkawari da aljani ba alkawari ba ne. Da duhu ya fara, ya kira mai keken ɗaukar kaya, aka lulluɓe teburin da tamfol aka kai Ajilari ta bayan layi. Ba a yi jifa a daren ba. Da safe Ammatullahi ta tashi za ta yi alwala, buta ta suɓuce. Hannun dama ya saki, ya yi sanyi, kuma bai ƙara ɗaguwa ba.

A ƙarshen zango makarantar ta yi taron godiya. Aka sanar cewa Malam Hashim, don tsabar kishinsa ga marayu, har tebur ya ƙara musu daga gidansa. Ya tashi ya rusuna yana murmushi, yana cewa ai ba komai, don Allah ya yi. Ya ma taho da iyalinsa su shaida. Jama'a suka ɗauki tafi, wata malama ta taɓa Ammatullahi ta ce, "Ke, ba za ki tafa wa babanki ba?"

Yarinyar ta ɗaga hannun hagu, ta tsaya tana kallonsa.