Sunan da Inna Hajjo Ba Ta Faɗa

Rahmatu tana durƙushe a ɗakin marigayiya surukarta, Inna Hajjo, tana fidda ƙore da kwanuka za a raba wa dangi, sai ga wani tsohon littafin rubutu ya faɗo daga cikin babbar ƙwaryar nono. Tana ganin bangonsa ta zauna daɓas. Shekara tara suka dawo mata kamar jiya.

A lokacin budurwa ce a Gwandu, ba ta da aiki sai rubuta labaran soyayya. Ta rubuta da biro, ta kwafe a waya, ta tura gurup. Kafin shekara ta zagayo har ana karanta labaranta a odiyo, mata na daka suna saurare. Kai kuwa ya ɗan kumbura, ba sai an faɗa ba.

"Wallahi kin zama selebiriti!" in ji ƙawarta Rumaisa. "Jiya komen ɗari huɗu!"

Saurayinta Muzzammil ɗan Fulanin Wurogauri ne, yana koyarwa a Kalgo. Duk Juma'a da la'asar sai ga babur ɗinsa a ƙofar gida, da goran kindirmo a rataye. Har an sa musu rana bayan girbi. Ɗan fari ne, don haka uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan yaro". A wurinsu wannan kunya ita ce mutuncin mace.

Wata Juma'a ya ba ta wani labari. Yana ɗan shekara sha biyar ciwon shawara ya kwantar da shi. Uwar ta zaci barci yake, ta dafa goshinsa, ta kira sunansa sau uku tana kuka.

"Ita kanta ba ta san na jiya ba," ya ce. "Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba sai ke."

Daɗin labarin ya hana Rahmatu sukuni. Sati bai cika ba ta zuba shi a sabon littafinta. A waya ta sauya sunaye, amma ta bar Wurogauri, ta bar ciwon shawarar, ta bar har farar saniyarsu mai ƙaho ɗaya. Babin ya zagaya ƙasa! Ya zagaya har ya iso kasuwar Kalgo, inda Inna Hajjo ke sayar da nono.

"Hajjo, ashe kin iya sunan?" wata ta ce, sauran mata suka tuntsire da dariya.

Inna Hajjo ta ajiye ludayi, ta ɗauki ƙwaryarta ta koma gida. Washegari ta aika Gwandu a dakata da maganar aure.

Muzzammil ya zo ba goran kindirmo. "Amana nib ba ki, Rahmatu, kinka kai ta kasuwa. Uwata ko ƙohwar gida ba ta iya hita."

Rahmatu ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta goge babin, ta roƙi masu odiyo su sauke, ta rufe gurup ɗin gaba ɗaya.

"Kin haukace? Don tsohuwa guda za ki watsar da dubban masoya?" in ji Rumaisa.

"Dubban nan babu wanda nis sa ma kunya. Ita nis sa mawa."

Girbi ya zo ya wuce, Juma'o'i suka yi ta wucewa ba ƙarar babur. Sau uku goggon Rahmatu tana zuwa wurin Inna Hajjo ban haƙuri ana sallamo ta. A na huɗu Rahmatu ta bi ta, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta miƙa littafin da ta fara rubuta babin a ciki.

"Inna, wanga kaɗai yar rage. Ki ƙone shi da hannunki."

Tsohuwar ta daɗe tana juya shi. Ba ta iya boko ba.

"Nan ma kin sake mai suna?"

"A'a, Inna. Nan sunanai na gaskiya na."

"Nuna min wurin."

Rahmatu ta ɗora yatsa a kan sunan. Inna Hajjo ta kalla, ta rufe littafin, ta ce wa goggo a je a sake sa rana. Kowa ya ɗauka murhu ya ci shi tun ranar.

Rahmatu ta koma rubutu bayan aure, sunanta ma ya fi da tashi, amma ba ta ƙara taɓa sirrin wani ba. Ta koyi cewa abin da masoyi ya ba ka ajiya ya fi tafin duniya daraja, kuma wanda ya yi laifi, haƙuri da ƙanƙan da kai su ne maganinsa.

Yanzu ga littafin a cinyarta. Ta buɗe, hawaye suka zubo mata, ta ƙwala wa mijinta kira. Muzzammil ya shigo ya durƙusa kusa da ita. Duk shafukan suna nan fes, sai wuri ɗaya. Inda sunansa yake takardar ta yi baƙi, ta siɗe saboda shafar yatsa, har tawadar ta kusa gogewa.