Rigar Mai Dako

"Kwana goma sha tara," in ji Gwaggo, tana tsaye a bakin shagon ɗinkin ta tare haske. "Wanda ya yi kwana goma sha tara bai kira ki ba ai ba saurayi ba ne, labari ne."

Auta ba ta ɗago daga kan keke ba. Ta ce ashirin ne, Gwaggo ta manta da yau.

Gwaggo ta ce to, ta ba ta zuwa ƙarshen wata. Ko saurayin nata Dogo ya yi magana mai kama hankali, ko a ba Mai Tabarau dama, tunda shi yana kusa kuma ana ganinsa. Mai Tabarau shi ne mai zuwa zance da jakar takardu, wai shawara yake ba kamfanoni, ko da yake har yau ba a ga kamfanin da ya tambaye shi ba. Ranar da ya ajiye tabarau ɗin zai wanke fuska Auta ta gwada. Gilashin taga ne.

Da Gwaggo ta tafi, shagon ya yi shiru irin wanda Auta ta saba da shi.

Shekara biyu ke nan da tafiyar Dogo, can inda sai an hau jirgi sannan a kwana a mota. Ya ce ya samu aiki a ofishin wata babbar ma'ajiyar kaya, shi ne kan ma'aikata. Duk mako sai ya turo hoto a gaban teburi mai waya biyu da furen roba, da dogon saƙo wai ita ce tauraruwar da ke haskaka sararin zuciyarsa. Dogon da ta sani, in ya zauna kan bencin nan yana tsince mata zare, iyakar soyayyarsa ita ce, "Kin ci abinci kuwa?" Ita kuma wannan ɗin take kewa.

In ta nemi su ga juna a waya, yana cikin taro. Saƙon ya yi ta gajarcewa, har ya ɗauke ɗif.

Rannan da aka ɗauke wuta, ta rasa abin yi, ta buɗe hotonsa na ƙarshe ta ja shi da yatsu biyu. Shuɗiyar rigar da ke jikinsa ita ta ɗinka, don haka idonta ya bar fuskar ya koma kan aikinta.

Ɗinkin kafaɗa ya sauko masa har yatsu uku.

Ya rame...

Kafaɗar dama ta koɗe, ta yi sheƙi, ta hagu kuwa sabuwa fil. Auta ba ta yi nisa a makaranta ba, amma ta yi wa rabin unguwa faci. Ma'aikacin ofis gwiwar hannu yake cinyewa da mazaunin wando. Masu cinye kafaɗa ɗaya ta san su, su ne masu sauke buhuna a bakin kasuwa. Ta bi sauran hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya bai taɓa zama a kujerar teburin ba.

Ta daɗe riƙe da wayar. Sannan ta jawo yadi mai kauri ta shimfiɗa, ta yanka masa sabuwar riga. Ta rage faɗi, ta ninka kafaɗar dama sau uku, ta cusa soso a ciki, ta bi da ɗinki layi-layi. Ta ba wata mai fatauci da ke zuwa can, ba wasiƙa, ba ko gaisuwa.

Kwana tara tana jira. Mai Tabarau ya zo sau biyu, ya yi mata bayanin tattalin arzikin duniya.

Ana saura kwana biyu wata ya ƙare, da tsakar rana, wayar ta yi ƙara. Kiran ganin fuska ne daga Dogo.

Buhuna ne a bayansa har rufi, ga ƙarar manyan motoci. Yana zaune a ƙasa, gumi na bin wuyansa, sabuwar rigar na jikinsa.



"Tun yaushe kika sani?" ya ce.

"Ta yi maka daidai?"

"Auta..."

"Ɗaga hannu in gani."

Ya ɗaga. Ta ce hammatar ta ɗan matse, laifinta ne.

Daga nan maganar ta ɓalle masa. Teburin na maigidansu ne, in an sa shi shara yake ɗaukar hoton. Saƙonnin kuma abokin ɗakinsu ke tsarawa, wani mai karance-karance, ya kuwa koma gida. Su shida suke kwana a ɗaki ɗaya. Ya ce ƙarya ta ƙare masa, gaskiya kuma ta fi ƙarfin bakinsa, shi ya sa ya yi shiru. In akwai wanda ya fi shi a kusa, ba zai tare mata hanya ba.

"Ni na taɓa ce maka teburi zan aura?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka bar ni shekara biyu ina hira da abokin ɗakinka, Dogo. Ko gaisawa ba mu taɓa yi ba."

Dariya ta kufce masa, ya share ido da bayan hannu.

"Zan kira Gwaggo da yamma," ya ce. "Da bakina zan faɗa mata, komai da komai. In ta yarda ki jira ni..."

"Gwaggo ce za ta jira ka ko ni?"

"Autata..."

Wani ya ƙwala masa kira daga bayan buhunan. Ya miƙe da sauri zai kashe wayar, ta ce kada ya kashe, ya jingina ta a nan kawai.

Ya jingina ta jikin buhu ya tafi.

Auta ta ɗora tata kusa da kwandon zare, ta sa ƙafa a keke. Can sai ga shi ya gifta da buhu a kafaɗa, ya dawo ba komai, ya sake giftawa. In ya zo daidai wayar yakan ɗan rage sauri.

Haka suka yi aiki tare har rana ta karkata.