Abin Da Ke Korar Ramla

Magariba ta kawo jiki a Kambarawa, kaji sun shige akurki. Hajiya Furera na kwashe tuwo, maigidanta Malam Sammani na alwala a bakin rariya, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Suka ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo tsakar gida da jiƙaƙƙen yashi a jikinsa, alhali rabon garin da ruwan sama tun kaka. Daga nan suka ji gudu. Ƙafafu masu yawa, manya da ƙanana, suna zagaya tsakar gida, ana haki, ana jan tarkace, ga kukan jariri can ƙasa-ƙasa. Tsakar gidan kuwa fayau, ba kowa.

Ɗiyarsu Ramla ta taso daga cikin ɗaki don ta ga abin da ke faruwa. Ba ta kai bakin ƙofa ba ta zube.

Ramla ta gama karatu, ta daɗe tana zaman jira, sannan aka kira ta gwajin aikin hukumar shige da fice, wanda dole sai an yi gudu a cikinsa. Mahaifinta ya amince ta yi atisaye, amma ya ce ɗiyarsa ba za ta yi ta tsalle a titi gari na kallo ba. Shi da kansa ya zaɓa mata hanya: wata 'yar turba a bayan unguwa da ke bin gefen rafi, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tudu ba gangare, ta ratsa lambunan latas, ta bi ta gindin wata tsohuwar giginya, ta ɓullo kwalbati. Shi ya zaɓa mata lokaci kuma: almuru, bayan masu lambu sun tashi. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san almuru a bakin ruwa ba na ɗan'adam ba ne. Malam Sammani ya sani sarai. Tsoron bakin mutane ne ya fi masa nauyi.

Tun daga wannan yammacin ƙafafun Ramla suka ƙi ɗaukarta. Da rana suna kwance kamar itace. Da rana ta faɗi sai su kama motsi a kan katifa, suna gudu su kaɗai, ita kuwa tana zufa, idanunta a kafe. Aka kai ta asibiti, aka yi hoto, aka ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya. Aka sauya mata ɗaki, duwatsun suka bi ta. Kullum da safe sai a tarar da takalman gudunta cike da yashin rafi. Ranar gwaji kuwa sai matsowa take yi.

“Malam,” in ji Hajiya Furera, “ka kira Malam Siddiq. Na gaji da sharar yashi.”

Malam Siddiq mai ruƙiyya ne, dattijo mai ƙarancin magana. Ya zo bayan la'asar, ya zauna har hasken ya dushe. Da dutsen farko ya faɗo sai ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Gudun tsakar gida ya tsaya cik, gidan ya yi shiru har ana jin ɗigar famfo. Sannan bakin Ramla ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a dishe, a gajiye.

“Ya isa, Malam. Ni ma Musulma ce, kada ka ƙona ni a banza.”

“To mi ya kawo ki jikin ɗiyar mutane?”

“Tambaya na zo yi. Mi ke korar yarinyar nan?”

Malam Siddiq ya dubi mai gida, mai gida ya sunkuyar da kai.

“A gindin giginya muke,” muryar ta ci gaba, “tun kafin a kafa unguwarku. Muna zaune za mu ci tuwo, sai ga mace a guje, ba sallama, ba waiwaye. Kai in ka ga haka, zama za ka yi? Muka kwashi yara muka bazama cikin rafi. Muka jira, ba kowa bayanta. Washegari haka. Jibi haka. Tuwonmu ya ƙare a ƙasa, surukata ta ka da goyo, ni na gurɗe ƙafa. Shi ya sa na riƙe tata, ta ji yadda ake ji.”

“Baiwar Allah, ba abin da ke korarta. Motsa jiki take yi.”

“Motsa mi?”

“Gudu ne don jiki ya yi ƙarfi.”

“Ba kura, ba ɓarawo, ba gobara? Haka kawai mutum ya tashi yana gudu? Malam, da furfurarka kada ka yi mani ƙarya.”

Sai da ya rantse mata sannan ta yarda, kuma yardar ta ƙara mata fushi. Ta nemi a ba ta baƙin bunsuru diyyar ƙafarta. Ya ce yanka na Allah ne, ba za ta samu ba. Ta ce to yarinyar ta daina gudu har abada. Hajiya Furera ta fashe da kuka, Malam Siddiq ya ɗaga murya da karatu har tsohuwar ta ce a dakata.

“Na sassauta. Ta bar mana turbarmu da almurunmu. In gudun dole ne, ta yi shi rana a sama, a kan titinku, 'yan'uwanku su ma su ɗanɗana. Uban ya faɗa da bakinsa, don shi ya turo mana ita.”

Malam Sammani ya tuna majalisar ƙofar masallaci da irin bakinta. Ya dubi ƙafafun ɗiyarsa suna karkarwa a kan katifa.

“Na yarda,” ya ce.

Ramla ta yi atishawa, ƙafafun suka lafa. A waje aka ji tafiya a hankali, ɗaya na ɗingishi, har suka fice ta zaure.

Kwana kaɗan ta miƙe. Safiyar da ta fara fita titi, mai waina ta hango mace a guje da hijabi, ta yi watsi da tanda ta ruga. 'Yan acaɓa suka watse, masu shaguna suka ja ƙofofi, wani dattijo ya faɗa kwata yana salati. Kafin hantsi labari ya kai garin Batagarawa cewa ɓarayi sun shigo Kambarawa.

Ramla ta ci gwajinta. Amma har ranar da ta tafi bakin aiki, kullum da safe Malam Sammani, mutumin da ya ƙi gari ya kalli ɗiyarsa, shi ke gabanta a kan tsohon kekensa, hula a karkace, yana kaɗa ƙararrawa yana shela:

“Jama'a, lafiya lau! Ba abin da ke korarta!”