Maganin Tsohuwa

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, baƙin hayaƙi ne ya yi mata sallama. Motar Baba ta yi tari, ta yi karkarwa, ta mutu daidai ƙofar wani shagon sayar da man inji, ita kuma ga fararen kayan aikin jinya a jikinta, ga ta ta makara.

Wani saurayi ya fito daga shagon, sai da ya sunkuya kafin ya wuce rumfar saboda tsawo. Ba sai an gaya maka dalilin da ya sa ake ce masa Dogo ba.

"Sannu da hanya," in ji shi.

"Malam, ba sannu nake nema ba, makaniki nake nema."

"Ni ba makaniki ba ne, amma tun daga kwana na jiyo tarin nan. Tsohuwar nan sai an lallashe ta take tashi da safe, ko? In kuma kin tsaya a danja ta kama rawar jiki, ga shan mai kamar ba gobe."

Auta ta zaro ido. "Wa ya gaya maka?"

"Ita ta gaya min. Injekta ce. Ita ke fesa dizal cikin inji, kamar dai allurarku. In datti ya toshe bakinta, sai ta koma ɗiga maimakon fesawa."

Ya shiga ya fito da wata 'yar kwalba. Ya ce rabi ake zubawa a tanki kafin a sha mai, don su gauraya, haka za a yi ta yi har dattin ya narke. Sannan ya ƙara da abin da ya sa ta sake dubansa da kyau.

"Kar in yaudare ki. In datti ne, wannan zai wanke. In kuwa ta lalace ne, babu kwalbar da za ta gyara ta, sai an kwance."

Mai sayar da kaya yana rage wa kayansa daraja da bakinsa! Auta ba ta taɓa gani ba. Da ya nemi lambarta wai don ya riƙa jin lafiyar majinyaciya, ta san ƙarya ce tsagwaronta, ta kuma ba shi.

Matsalar ɗaya ce. Baba tsohon direba ne, ido ya hana shi tuƙi shi ya sa ya bar wa autarsa makulli, amma ya kafa doka: ban da dizal babu abin da zai shiga tankin nan. "Mota ba jaririya ba ce da za a ba ta maganin tari," haka yake cewa. Ga kuma Sifana, ɗan tsohon makanikin Baba, wanda ya riga ya yanke hukunci cewa sai an ajiye motar a garejinsa an kwance ta, shi kuma zai riƙa kai Auta aiki yana ɗauko ta har a gama. Auta ta san gyaran nan ba zai taɓa ƙarewa ba. Saboda haka ta ɓoye kwalbar a but, ƙarƙashin safayar taya, ta yi shiru.

A gida motar Baba ake ce mata. Tsohuwa kuwa suna ne na su biyu kawai.

Da yamma saƙo ya shigo: "Likitata, ya jikin tsohuwa? Ya kuma mai jinyarta?"

Ta rubuta: "Tsohuwa da sauƙi. Mai jinya ba ruwanka da ita."

"Ai ita ce ruwana. Tun da kika tafi nake ba mai neman man birki man giya. Ki taimaka ki dawo min da hankalina."

Auta ta kifa wayar a kan filo tana dariya ita kaɗai. Ba a jima ba hayaƙin mota ya ragu, saƙonni suka ƙaru. Ta koma bin titin shagonsa ko da ba hanyarta ba ce, shi kuma yana ajiye mata kujerar roba guda ɗaya da yake gogewa da hannun rigarsa. Ran nan ya daina wasa, ya dube ta ya ce, "Ni fa aurenki nake so in yi. Ban iya kwana-kwana ba." Tana son sa, so mai yawa, ba ta ma tsaya jan aji ba.

Ya zo gida ya gaida iyaye, ya durƙusa har ƙasa. Baba ya amsa da sakin fuska. Mama kuwa ta amsa da ƙyar, ta bi shi da kallo tun daga takalmi har hula, kuma tafiyar da nisa.

"Mijin gefen titi?" ta ce bayan ya fita. "Ba mu san shi ba, ba mu san gidansu ba. Ga Sifana da muka sani tun yana rarrafe. Ba da yawuna ba, Auta."

Auta ta yi kuka ta gaji. Dogo bai yi zuciya ba, ya ci gaba da zuwa gaisuwa, Mama ta ci gaba da ɗaure fuska. Baba kuma ya ce shi ba zai aurar da yarinya uwarta na hawaye ba, sai ranar da Mama ta ce to.

Ana cikin haka wata safiya Auta ta haɗa wa Mama shayinta kamar kullum, ta fita a gurguje ta manta wayarta a caji. Da la'asar ta dawo, tun daga ƙofa ta ga takalmin Dogo.

Yana durƙushe a tsakiyar falo, kiransa aka yi. Baba na kishingiɗe a kujerarsa ya yi tagumi. Mama na tsaye, ɗankwali ya zame, wayar Auta a hannunta. A kan tebur ga kofin shayin safe ya huce, ko kurɓa ba a yi ba.

"Shigo, likita," in ji Mama. "Shigo ki gaya wa ubanki me kike zuba min."

"Zuba miki? Mama, me..."

"Sifana ya zo ya ce ya sha ganin yaron nan yana miƙa miki kwalba a nannaɗe a leda. Na ce ƙarya yake, 'yata ba za ta yi ba. Sai ga saƙonsa ya faɗo a wayarki, na buɗe na ga har na baya."

Ta ɗaga wayar nesa da ido ta fara karantawa, kalma bayan kalma.

"'Likitata, kar ki manta da maganin tsohuwa. Rabin kwalba, kafin ta sha. Kar ki wuce haka, in ya yi yawa zai iya yi mata illa.'"

Auta ta matso za ta karɓi wayar, Mama ta janye hannu.

"Saurara, ga amsarki. 'Na zuba mata, Baba bai gani ba. Wallahi ta yi laushi, duk surutun nan da take yi da safe ta daina.'"

"Innalillahi," in ji Baba a hankali.

"Akwai saura! 'Mu ba ta lokaci. In ya ƙi ci, sai mu kai ta a kwance ta kowa ya huta.' A kwance ni! Ni da na goya ki! Ni ce tsohuwa mai surutu?"

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Auta. Ta dubi Dogo, ya ɗaga hannu zai yi magana Mama ta daka masa tsawa.

"Rufe min baki! Ai na san ya ci, a jikina na ji. Dama ina ta mamakin kaina. Yaron da na rantse ba zan so shi ba, kwanan nan in ya yi sallama sai in ji sanyi a raina. In ya kwana biyu bai zo ba in kama leƙen taga. Shekaranjiya ni da bakina na ce wa Malam yaron nan akwai natsuwa, ko ban ce ba?"

"Kin ce," in ji Baba.

"Har addu'a na tsinci kaina ina yi masa! Ashe ba ni ba ce, kwalba ce!"

Ta fashe da kuka. Auta ta rasa abin da ya fi girgiza ta, zargin ko kuwa abin da ta ji yanzu. Ta fita da gudu, ta buɗe but, ta ɗaga safayar taya, ta dawo ta durƙusa ta ajiye kwalbar a gaban uwarta. Warin dizal ya cika falon.

"Mama, ga shi. Shinshina. Da na zuba miki ko ɗigo ɗaya, da a asibitinmu kika kwana."

Dogo ya samu bakinsa. "Mama, ku gafarce ni. Maganin wanke injekta ne, a tanki ake zubawa. Mota muke ce wa tsohuwa. Ni na sa mata sunan tun ban san ku ba, wallahi ko a mafarki ban..."

"Mota?" in ji Mama.

"Mota?" in ji Baba, ya miƙe zumbur kamar an tsikare shi. "Wace motar? Motata? Motata kuka yi wa ɗure?"

Ya fizgi kwalbar ya kai ta dab da hanci, ya juya ta, ya nemi makulli yana faɗa, wai shekara nawa yana riƙe da ita ko ruwan batir ba ya bari wani ya zuba. Mama ta daina kuka cak. Ta bi shi da ido har ƙofa.

"Malam! Tun ɗazu ake cewa ni aka ba magani, kana kishingiɗe kana salati. Da aka ce mota ce, ka miƙe!"

Baba bai ji ba, ya riga ya kai tsakar gida. Ya murɗa makulli sau ɗaya, motar ta tashi. Ya tsaya ya karkata kai yana saurare. Ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya zagaya baya ya kara farin hankicinsa a bakin salansa, ya ɗaga ya kai kusa da ido. Ya daɗe a haka. Da ya dawo falo faɗan ya tafi, sai mamaki.

"Rabon da in ji muryarta haka tun idona na gani," ya ce. Ya juya ga Dogo. "Laifin karya min doka yana nan, za mu yi maganarsa. Amma ke Maman Auta, wa kika ce ya kawo miki labarin kwalba?"

"Sifana," in ji Mama.

"Yaron da aka haifa a gareji? Ko cikin duhu ya taɓa kwalbar nan ya san ta. Ya san abin da ya gani, ya zo ya haɗa ki da 'yarki."

Mama ta zauna a hankali, ta gyara ɗankwali, ta ƙi kallon kowa. Auta ta matsa ta dafa gwiwarta.

"Mama, kin yarda zan iya cutar da ke?"

Tambayar ta fi komai yi wa Mama ciwo, hawaye suka sake zubo mata, wannan karon na kunya. "Ki yafe min, Auta. Tsoro ne. Na ga kina nema ki fi son wani a kaina."

Baba ya yi gyaran murya. "To ni tambaya ɗaya gare ni. Tunda dai mota ce ta sha maganin, leƙen tagar nan da addu'ar nan, na wane ne?"

Mama ta dubi kofin shayin, babu mai cetonta a can. Ta dubi Dogo, wanda har yanzu yake durƙushe gumi na bin wuyansa.

"Kai kuma tashi, ka ishe ni da tsawo ko a durƙushe," ta ce. "Ka je ka turo manyanka."

Da ya isa shago ya turo saƙo: "Likitata, ƙafafuna har yanzu rawa suke. Da gaske na ji ko kunnena ne?"

Ta amsa: "Da gaske ne, Dogona. Amma daga yau sunanta motar Baba."

Manya suka zo, aka bincika gidansu aka same su mutanen kirki, aka sa rana. Sifana bai sake taka ƙofar gidan ba. Ranar ɗaurin aure gidan ya cika har waje, Auta na ɗaki cikin ƙawaye, dariya da kuka suna karɓa-karɓa a fuskarta.

Da za a tafi da amarya, Mama ta sa aka kira ango. Ta kama hannun autarta ta riƙe gam, ta daɗe ba ta saki ba, har aka fara kallon juna.

"Ita ce ta ƙarshe," ta ce da shi. "In ta fita, gidan nan daga ni sai Malam. Da hankalina na ba ka ita, da kuma son raina. Ka riƙe min amana."

"Na riƙe, Mama," in ji Dogo.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai. Ya sa ku ga alheri a junanku har tsufa."

Ɗakin ya amsa da amin. Sannan Mama ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta saki hannun.