Koren Haske a Igiyar Agogo

Da Sufeto ya shiga ɗakin gwajin, kwalbar tana kife a cikin wurin wanke hannu, ko ɗigo babu a cikinta. Mai ita, ɗalibar da kowa ke kira Malama, tana zaune a kan kujera hannu a cinya, ta gaji har da kuka. Mijinta yana tsaye a bakin ƙofa yana ba ta haƙuri.

Shi kansa Sufeto ƙafafunsa sun gaji da takalmi. Ya saba da satar waya da ta babur, yau kuma ga shi an kira shi a kan ruwan roba.

"Malama, me aka zubar? Da Hausa, don Allah."

"Aikina na shekaru ne, yallaɓai. Shi zan nuna wa masu jarrabawa. In babu shi, babu digiri, aikin da aka yi min alkawari a ƙasar waje kuma ya tafi."

Ta yi masa bayani a hankali. Kowane zaren robar rabi biyu ne, ɗaya yana son ruwa, ɗaya yana ƙinsa, kuma a jikin mai ƙin aka maƙala ƙwayoyin da ke haske a ƙarƙashin wata fitila. In ta bushe haka kawai, zaren a warwatse suke, hasken shuɗi ne. In ruwa ya same ta tana ɗanya, masu ƙin ruwan sai su dunƙule su zama ƙwallayen da ido ba ya gani, ƙwayoyin su matsu da juna, hasken ya koma kore.

"In ta riga ta bushe fa, aka zuba ruwan?"

"Ta daskare ke nan. Shuɗi za ta tsaya."

Ba a ɓalle ƙofa ba, don haka ya tara masu makulli. Ya sa aka rufe tagogi, aka kashe wuta, ya kunna fitilar. Bakin magudanar ya ɗauki kore shar.

Ya fara da mai shara, don kowa ita yake harara. Tsummanta ya yi ɗigo-ɗigon shuɗi.

"Iya, da me kike goge tebur?"

"Da ruwa mana, ɗana. Da madara zan goge?"

Robar da ta riga ta bushe take gogewa, sai ya sallame ta. Sai Dogo, abokin karatun Malama, wanda ba sa ga maciji da ita. Hannun rigarsa shuɗi ne har gwiwar hannu.

"An ce ba ka ƙaunar ta riga ka gamawa."

"Gaskiya ne, yallaɓai. Amma da ni ne, ko kusa da famfo ba zan je ba. Sinadarin narkarwa zan sa, ka zo ka tarar da wuri fes."

Sufeto ya yi tsaki, don maganar ta zauna. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin nan ya san ba a nuna wa abin nan ruwa. Ya sauke fitilar, ya juya zai ce a kunna wuta, sai hasken ya gifta ta bakin ƙofa. Wani siririn layi kore ya bayyana a cikin duhun, daidai tsayin wuyan hannun mutum.

"Maigida, matso."

Mijin ya matso. Hannunsa tas yake, rigarsa tas, amma ɗinkin igiyar agogonsa yana ci kamar idon kyanwa.

"A jikin kayanta na shafo," in ji shi. "Gida ɗaya muke kwana."

"Da a kayanta ne, da shuɗi muka gani," Sufeto ya ce. "Wannan ruwa ya same shi yana ɗanye. Ka ɗauki makullinta na ajiya, ka juye kwalbar, ta fantsamo maka, ka buɗe famfo ka wanke hannu kamar yadda kowa zai yi a gida. Rigar ka canza. Agogo ne ba a tunawa da shi."

Mutumin bai yi musu ba. Ya jingina da bango.

"Na gaji ne," ya ce wa matarsa. "Ni ke kai yara makaranta, ni ke ɗauko su. Na ce in kin gama za ki dawo mana, sai ga maganar tafiya."

"Da ka faɗa min da baki, Abban yara."

"Na faɗa. Kina kallon kwalba."

Sufeto ya ji tausayinsu su biyun, abin da bai taɓa yi masa amfani a aiki ba. Ya tambaye ta ko za ta shigar da ƙara. Ta daɗe tana kallon koren layin nan. Shi ne abin da ta yi shekaru tana so ta nuna wa duniya, ga shi ya fito kyakkyawa a hannun mijinta.

"A'a, yallaɓai," ta ce. Ta miƙa wa mijin tafin hannunta. "Ba ni makullina. Agogon ma cire shi, shi kaɗai ya rage min."